Mayar da Kufan Mafasar Dutse Daji: Darasi Daga Duwatsun Arawali

Gabatarwa

Da wuya a sami gari a ƙasar nan wanda ba a ganin tifa maƙare da tsakuwa ta nufi wurin gini. Da wannan tsakuwa ake zuba kankare, da ita ake shimfiɗa kwalta, kuma a kanta ake ɗora gadoji. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa bin sawun tifar nan har zuwa inda ta ɗauko kayanta. Wanda ya bi zai tarar da tsauni an yanke masa gefe da nakiya, ga rami mai zurfi a gindinsa, sa'an nan ga tulin ɓaraguzan dutse da ƙura waɗanda masu aiki suka ture gefe saboda ba su da kasuwa. Ranar da dutsen sayarwa ya ƙare, sai a kwashe injuna a ƙara gaba, a bar wa mutanen ƙauye ramin da tulin. Da damina ramin ya cika da ruwa ya zama haɗari ga yara da dabbobi, da rani kuma iska ta riƙa kwasar ƙurar tana watsawa cikin gonaki.

Wata rana na kai ɗalibaina irin wannan wuri domin nazarin tsirrai. Bayan mun gama zagayawa sai ɗaya daga cikinsu ya ce, “Malam, an daina aiki a nan tun ina firamare, amma har yau ko ciyawar kirki babu. Shin wurin ya mutu ke nan har abada?” Wannan maƙala amsa ce ga tambayar yaron nan. Za mu duba dalilin da ya sa tsiro ke ƙin tarkacen dutse, sa'an nan mu leƙa ƙasar Indiya, inda aka mayar da wata tsohuwar mafasar dutse daji a yankin da yanayinsa da itatuwansa suka yi kama da namu ƙwarai.

Me Ya Sa Tsiro Ke Ƙin Tarkacen Dutse?

Abin da muke kira ƙasa gauraye ne na yashi da laka da yumɓu, tare da ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi, da ruwa da iska a tsakankaninsu, da kuma ɗimbin ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Kafin dutse ya rududduge ya ba da santimita ɗaya tak na irin wannan ƙasa, sai an ɗauki ɗaruruwan shekaru. Tarkacen mafasa kuwa dutse ne da aka farfasa jiya-jiya, saboda haka matsalolinsa ga tsiro suna da yawa.

Ta farko ita ce ƙishirwa. Yumɓu da ruɓaɓɓen ganye su ne ke riƙe ruwa a ƙasar gona. Tulin duwatsu ba shi da su, don haka ruwan sama kan zurare ta cikinsa kamar an zuba a kwando. A inda katafila da manyan motoci suka daɗe suna bi kuma, ƙurar dutse kan danƙare kamar daɓe, ruwa ya kasa shiga, saiwa ma ta kasa hudawa. Ta biyu ita ce yunwa. Sinadarin naitirojin, wanda tsiro ke bukata domin yin ganye, ba ya cikin dutse sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma sinadarin fosfaras da ke ciki yana kulle ne, saiwa ba ta iya cin moriyarsa nan take. Ta uku ita ce zafi. A tsakiyar bazara fuskar dutse kan iya wuce digiri 60 a ma'aunin zafi na santigired, wanda ya isa ya ƙone ɗan tsiron da bai wuce kwana biyu da fitowa ba. Ta huɗu, ƙasar daji tana da rumbun iri a ɓoye, watau 'ya'yan ciyayi da na itatuwa da ke kwance suna jiran ruwa, amma tarkacen da aka haƙo daga cikin tsauni ba shi da ko ƙwaya ɗaya.

A ƙasashe masu yawan ruwan sama, damshi kan rufa wa waɗannan matsaloli asiri. A dajin da ke yin wata bakwai ko takwas ba ruwa kuwa, kowace daga cikinsu ta isa ta kashe dashe. Duk da haka dutse yana da nasa alheri. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse da rani ya san cewa ƙarƙashinsa ya fi kewayensa sanyi da laima, domin dutse na hana rana tsotse damshi. Haka nan tsaguwar da ke jikin tsauni kan tara ƙura da ruwa a can ciki. Mai son raya mafasa dole ya koyi gano irin waɗannan wurare.

Duwatsun Arawali da Abin da Ya Same Su

Arawali jerin duwatsu ne da ya miƙe kimanin kilomita 700 a arewa maso yammacin Indiya, daga jihar Gujarat, ya ratsa Rajastan da Hariyana, ya ƙare a birnin Delhi. Yana cikin tsofaffin jerin duwatsu na duniya. A ƙarshensa na arewa akwai birnin Gurugram, wanda a da ake kira Gurgaon. Ruwan da wannan yanki ke samu ya kai kimanin milimita 600 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, watau bai yi nisa da abin da Katsina da Sakkwato ke samu ba. A watan Mayu da Yuni zafi kan kai digiri 45. Dajin wurin na asali irin namu ne, na gajerun itatuwa masu kaɗe ganye da rani.

Da Delhi da maƙwabtanta suka shiga bunƙasa, sai aka far wa duwatsun nan domin samun tsakuwa da yashin gini. A gefen Gurugram, kusa da iyakar Delhi, akwai wani fili mai faɗin kimanin eka 380, watau wajen hekta 150, wanda aka yi ta haƙa a shekarun 1980 da 1990, ga kuma injunan niƙa dutse a cikinsa. Kotun Ƙolin Indiya ta fara taka wa masu haƙa birki a shekarar 2002, kuma a 2009 ta dakatar da haƙar a duwatsun Arawali na wannan ɓangare na jihar Hariyana. Abin da aka bari shi ne ramuka, da tulin ɓaraguzai, da juji. Itacen da ya mamaye wurin kuwa wata baƙuwar ƙaya ce da masana ke kira Prosopis juliflora, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne. Wannan ƙaya tana jure fari ƙwarai, amma idan ta kafu takan hana sauran tsirrai sakat. Mutanen yankin Tafkin Chadi ma sun san halinta.

A shekarar 2010 wata ƙungiyar mazauna birnin mai suna iamgurgaon ta haɗa kai da hukumar birni domin raya wannan kufai. A shekarar da ta biyo baya suka gayyato wani masanin farfaɗo da daji mai suna Vijay Dhasmana ya jagoranci aikin dashe.

A Tambayi Daji Kafin a Dasa

Hanya mafi sauƙi a irin wannan aiki ita ce a je gandun renon itatuwa a sayo duk abin da ke saurin girma, a jera shi, a ɗauki hoto. Dhasmana da abokan aikinsa sun fara ne da wata tambaya: wane irin daji ne ya kasance a nan kafin a kawo nakiya? Domin samun amsa sai suka riƙa ziyartar ragowar dazuzzukan Arawali, musamman wani kurmi da ake kira Mangar Bani, wanda mutanen ƙauyukan da ke kewaye da shi suke girmamawa, ba sa sarar itace a cikinsa. A can suka lura cewa kowane itace da mazauninsa. Akwai masu son ƙoƙuwar tsauni inda babu komai sai fa, akwai na gangare, akwai kuma na kwari inda ruwa ke kwanciya.

Idan Bahaushe ya duba jerin itatuwan da suka zaɓa, zai ga kamar ya shiga dajin garinsu. Sarkin duwatsun Arawali shi ne wani itace da Indiyawa ke kira dhau, ɗan'uwan marke ne na jini. Yana iya rayuwa a kan gangaren da kusan babu ƙasa, kuma idan awaki suka dame shi da ci sai ya kwanta ya bazu a kan dutse kamar tabarma, ya jira ranar da zai sami sarari ya miƙe. Itacen da suke kira salai ɗan'uwan hano ne, kullu kuma ɗan'uwan kukkuki, kuma dukkansu biyu masu son duwatsu ne kamar 'yan'uwansu na nan. A kwari suka sa kaim, ɗan'uwan giyayya, wadda mu ma a bakin fadama muka san ta. Ɗakwara da ɗunɗu da magarya kuwa, su ne dai waɗanda muka sani, suna tsirowa a can kamar yadda suke tsirowa a nan.

Sai kuma wata matsala ta taso. Masu sayar da dashe ba su ajiye waɗannan itatuwa, domin ba wanda ke tambayarsu. Dole ma'aikatan suka shiga dazuzzuka suna tsintar iri a lokacin da kowane itace ke zubar da 'ya'yansa, suka kafa nasu gandun reno a cikin filin. Aikin bai zo da sauƙi ba. Irin dhau, alal misali, kaɗan ne daga cikinsa ke tsirowa, kuma ɗan da ya tsiro yana girma ne a hankali. Aka riƙa tumɓuke baƙuwar ƙayar nan sashe-sashe, ana dashe da damina, ana taimaka wa ƙananan itatuwa a shekarunsu na farko da ruwan da aka tace daga dagwalon birni, ta hanyar siraran bututu masu ɗiga ruwa a gindin kowane dashe. Da saiwa ta kama sai a janye ruwan. Kamfanoni suka ba da kuɗi, dubban mazauna birni da 'yan makaranta suka riƙa zuwa dashe.

Aikin da Ke Gudana a Ƙarƙashin Ƙasa

Ya kamata mai karatu ya gane cewa manufar dashen farko ita ce a tayar da aikin gina ƙasa. Itatuwa dangin wake, irin su ɗakwara da bagaruwa da ɗunɗu da gawo, suna da wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwoyinsu. A cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya da ke kama naitirojin na iska, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, su mayar da shi abincin tsiro. Itacen kuma ya biya su da sukarin da ganyensa ya haɗa. Da ganyen ya zuba ya ruɓe, sai wannan naitirojin ya shiga tarkacen da a da ba shi da shi.

Akwai kuma wasu halittu dangin naman kaza, masu siraran zaruruwa, da ke manne wa saiwa su kutsa cikin ƙananan kafofin da saiwar ba ta iya shiga, su jawo mata ruwa da fosfaras. Tunda tarkacen dutse ba shi da waɗannan mataimaka, masu reno kan gauraya 'yar ƙasar daji cikin ledar dashe, domin itacen ya tafi sabon gidansa tare da su.

Ciyawa ma tana da nata aiki. Ita ce ke fara rufe fuskar tarkace, ta rage zafi, ta tare ƙurar da iska ke ɗauke da ita, ta riƙe gangare kada ruwa ya zaizaye shi. Gara da tururuwa su ja busasshen ganye zuwa ƙasa, su bar ramukan da ruwa zai bi. Da 'yan itatuwa sun tasa sai tsuntsaye su sami wurin sauka, su bar kashinsu ɗauke da irin waɗansu tsirrai da ba wanda ya dasa. Wannan jerin gwano, inda kowane rukunin tsirrai ke share wa na bayansa hanya, shi masana ke kira gadon juna tsakanin tsirrai. Aikin ɗan Adam shi ne ya gaggauta matakan farko, waɗanda idan an bar su za su ci shekaru masu yawa.

Masu Sauraron Dutse

Saura tambaya guda: a ina za a haƙa ramin dashe idan ko'ina dutse ne? An sami kyakkyawar amsa a birnin Jodpur na jihar Rajastan, wanda ya fi Gurugram ƙarancin ruwa. A shekarar 2006 aka ba wani masanin itatuwa mai suna Pradip Krishen aikin raya wani fili mai duwatsu, kimanin hekta 70, a gindin tsohuwar ganuwar Mehrangar. Wannan fili ba mafasa ba ne, amma matsalarsa ɗaya ce da ta mafasa, kuma baƙuwar ƙayar nan ta riga ta cinye shi. Idan an sare ta sai ta sake tohowa, saiwarta kuwa tana can cikin dutse.

Krishen ya nemi taimakon wasu mutanen yankin waɗanda fasa dutse da hannu ita ce sana'arsu ta gado. Su kan buga guduma a kan fa su kasa kunne, kuma daga amon da ya fito su gane inda tsaguwa take da inda ta nufa. Da haka suka riƙa buɗe dutsen suna ciro saiwar. Sa'an nan aka fahimci cewa ƙayar ta riga ta yi musu bincike, domin duk inda ta iya kafuwa, to akwai tsaguwa mai ƙasa da laima a ƙarƙashi. Sai aka riƙa sa dashen itatuwan gida a cikin ramukan da aka ciro ta. An buɗe wurin ga jama'a a 2011. Abin lura ga ɗalibi shi ne, ilimin da ya warware matsalar ya fito ne daga hannun talakawa masu sana'a, masanin kuwa ya yi hankalin tambayarsu.

Abin da Aka Samu a Gurugram

Bayan shekara 10 da fara aiki, an dasa tsirrai fiye da 100,000 a tsohuwar mafasar Gurugram. Ana ƙidaya kimanin iri 300 na tsirrai a wurin, da tsuntsaye fiye da iri 180, ban da dila da zomo da wani babban barewa da Indiyawa ke kira nilgai. Ramukan haƙa da yawa an bar su yadda suke, suna tara ruwan damina yana nutsewa ƙasa, a birnin da rijiyoyinsa ke ƙara zurfi kowace shekara.

A 2018 hukumomi suka fito da shirin ratsa babbar hanya mai layi shida ta cikin dajin. Jama'a suka yi dafifi suka nuna rashin amincewa, cikinsu har da yaran da suka yi dashe da hannunsu, kuma aka jingine shirin. A watan Fabrairun 2022 wurin ya zama na farko a Indiya da aka sa cikin rukunin filayen da duniya ta amince suna kare halittu, ko da yake ba gandun daji na hukuma ba ne. Da a ce ɗan kwangila ne ya dasa itatuwan ya tafi, da wuya a sami wanda zai tsaya musu ranar da aka zo da maganar hanya.

Darasi Ga Ƙasarmu

Mu ma muna da namu tarihin a wannan fage. Haƙar kuza da aka fara gadan-gadan a tsaunukan Jos tun farkon ƙarni na 20 ta bar tuddai da tafkuna birjik. Da aka zo gyara, sai aka baje wasu tuddan aka dasa itacen turare, wanda asalinsa daga Ostareliya ne, saboda saurin girmansa. A 1989 wani masanin ƙasa na Jami'ar Durham ta Ingila, M. J. Alexander, ya buga sakamakon awon da ya yi a wuraren. Ya tarar ƙasar da ke ƙarƙashin turare tana ƙara tsami da tafiyar shekaru, alhali wadda ke ƙarƙashin gawo ta ƙaru da abincin tsiro. Manomin ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya daɗe da sanin cewa gero ya fi kyau a gindin gawo.

Haka nan muna da dabarun kama ruwa. A yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar manoma sun raya fako da ramukan tassa, waɗanda ake zuba wa taki su tara ruwa, da kuma kunyoyi masu siffar rabin wata da jerin duwatsu a kan gangare. Duk waɗannan suna aiki a farfajiyar mafasa, inda dutsen jerawa yake a yashe kyauta. Amma sassaben zamani da ya mayar da itatuwa gonakin Maraɗi da Damagaram ba zai yi aiki a kan tarkace ba, domin shi ya dogara ne ga kututture mai rai da ke cikin ƙasa, tarkace kuwa ba shi da shi. A nan dole sai an kawo iri ko dashe, an kuma killace wurin daga awaki har itatuwa su fi ƙarfin bakinsu.

Mafi arha daga dukkan dabaru ita ce wadda ake yi tun kafin a fasa dutsen farko, watau a kankare ƙasar sama a ajiye ta gefe, a mayar da ita kan tarkace da zarar an gama da wani sashe. Kada ta daɗe a tule, domin iri da ƙananan halittun cikinta kan mutu. Dokar Ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta ɗora wa masu haƙa nauyin gyara wurin da suka yi aiki, don haka al'ummar da ke maƙwabtaka da mafasa tana da hurumin tambayar shirin gyaran tun injuna ba su tashi ba.

Gwaji Ga Ɗalibai

Malamai na iya nuna wa ɗalibai waɗannan abubuwa ba tare da kashe kuɗi ba. A sami gwangwanaye biyu masu girma ɗaya, a huda gindinsu, a cika ɗaya da tsakuwa, ɗaya da ƙasar gona. A zuba wa kowanne kofi ɗaya na ruwa, a tari abin da ya zubo a auna. Sa'an nan a tuge gyaɗa ko wake a wanke saiwar, a tsaga ɗaya daga ƙulle-ƙullen da reza. Idan cikinsa ja-ja ne, to bakteriyar tana kan aiki. Daga ƙarshe a raba irin bagaruwa gida biyu, a zuba wa kashi ɗaya ruwan zafi a bar shi ya kwana a ciki, a shuka duka biyun, a riƙa rubuta adadin da ya tsiro kowace rana har mako uku. Makarantar da ke kusa da tsauni kuma tana iya fita da ɗalibai su rubuta sunayen itatuwan da suka gani a ƙoƙuwa, da na gangare, da na gindi, tare da taimakon wani dattijo da ya san daji. Wannan jeri shi ne matakin farko na duk wani aikin raya mafasa a yankin.

Kammalawa

Amsar da zan ba ɗalibina ita ce, wurin bai mutu ba, amma ba zai farfaɗo a zamaninmu ba sai an taimaka masa. Taimakon kuwa yana bukatar a san halin tarkacen, a zaɓi itatuwan da suka saba da dutse da fari a wannan yanki, a kama ruwan damina, a tsare dashe daga dabbobi, sa'an nan a yi haƙurin aƙalla shekara 10. Marke da hano da kukkuki da ɗakwara suna nan a duwatsunmu, kuma har yanzu akwai tsofaffin da suka san lokacin da kowannensu ke zubar da iri. Ya rage ga makarantunmu su fara tsinta su rena, domin ranar da za a nemi dashen a same shi a hannu. Allah ya sa mu dace.